Littafin Dogon Hutu

Dogon hutun 1995 ya faɗo a tsakiyar damina, ni kuwa na dawo Kano daga makarantar kwana da ƙishirwar karatun da ba na jarrabawa ba. A makaranta, in aka kama littafin soyayya a ƙarƙashin katifarki, ya tafi ke nan. Don haka tun ban kwance akwati ba na fara ƙulla zuwa kasuwar Sabon Gari.

Sai dai zaɓin ba nawa ba ne ni kaɗai. A gidanmu ni ce mai saurin karatun boko, kuma bayan sallar isha'i ni ake zaunarwa gaban fitilar ƙwai in karanta a bayyane, Inna da Goggo da matan yayyena suna saurare. A shekarar ne auren Goggo ya mutu ta dawo gida, ga ta dai a cikinmu amma magana sai da dalili. Da zan fita Inna ta ja ni gefe ta ce, "Ki samo mana mai daɗi, 'yar nan. Ban da na kuka."

Ni da Yaya muka tarar da littattafan jibge a kan tebur, sirara, takardarsu mai arha, an rufa musu leda saboda hadari. Mai shagon ya fara miƙo mini Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Na riga na karanta shi, kuma har gobe ina ganin kaɗan ne suka kamo ƙafarsa. Amma labarin Rabi ne, wadda miji ya kora da 'ya'yanta tara. Da wane baki zan karanta wannan a gaban Goggo? Na mayar. Ya ɗauko In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda tun fitowarsa a 1991 ya gama gari. Nan ma Sumayya da Muhammad sai da suka sha wuya a hannun manya saboda talaucinsa, kuma matan yayyena sun haddace shi.

Masu yi wa littattafan nan laƙabin adabin kasuwar Kano suna zaton babu komai a ciki sai ina sonki, ina sonka. Da sun taɓa tsayawa neman guda ɗaya tak da babu auren dole ko saki ko tashin hankalin kishiya, da sun gane matan da ke rubuta su abin da ke cin gidajenmu suke faɗa. Shi ya sa da aka tara irinsu aka ƙona a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Na yi ta leƙa shafin ƙarshe, dabarar da ba ta cika aiki ba, tunda yawancinsu kashi-kashi ake buga su, na ɗaya ya tsaya daidai inda rai ya rataya. Yaya ta fara ƙosawa. Sai mai shagon ya ce, "Hajiya ƙarama, ɗauki na Anti Bilki. Ba a taɓa dawo mini da ƙorafi ba." Allura Cikin Ruwa ne, na Bilkisu Funtuwa. Ba wai babu damuwa a littattafanta ba, amma matanta masu ilimi ne, masu kwalliya da iya zance, sun san darajar kansu. Kuɗinmu na ɗaya kawai suka isa.

Daren farko ruwa ya kore mu daga tsakar gida zuwa ɗakin Inna. Ina karatu ina satar kallon Goggo, tana ɓare gyaɗa kanta a sunkuye. Can wajen wani zance na saurayi da budurwa sai ta ɗago ta ce, "Ke, maimaita wurin nan. Haka maza ke magana yanzu?" Ɗakin ya kaure da dariya, har da ita. Daga nan ta shiga gardama da matan yayyena kan wanda ya cancanci yarinyar, kowa da gwaninta.

Ranar da na kai ƙarshen na ɗaya, Goggo ta kwance bakin zanenta ta ƙirgo kuɗi ta danƙa mini.

"Gobe da sassafe ki koma ki karɓo na biyu. In babu, ki tambaye shi wa ya saya, mu aika aro."