Soyayya a hanyar Dutse zuwa Kano: wa zai biya kuɗin mai?

1/ Jama'a, ku matso mu yi wata hira. Muna son fim a ƙasar nan, babu mai musu. Amma me ya sa soyayyar finafinanmu kullum a falo take, ko a gaban gida, ko a lambun furanni? Me ya sa ba ta shiga mota ta kama hanya? Ni a ganina amsar tana cikin aljihunmu. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Bari in fara da Indiya. Yawancinmu idan aka ce fim ɗin Indiya, Shah Rukh Khan ne ke faɗo mana a rai. To amma kowane babban yare a can yana da masana'antarsa. Akwai ta Tamil, akwai ta Telugu, akwai kuma ta yaren Bengali a birnin Kolkata, wadda cibiyarta ke unguwar Tollygunge.

3/ Bengali ba ƙaramin yare ba ne. Masu magana da shi sun haura miliyan 200, a jihar Bengal ta Yamma da ƙasar Bangladesh. Duk da haka masu fim ɗinsa a Kolkata kullum suna kokawa da Bollywood, mai kuɗi da manyan taurari. Wannan ne ya sa nake ganin sun fi kama da mu.

4/ A 2012 suka fitar da wani fim mai suna Bojhena Shey Bojhena, Raj Chakraborty ne ya ba da umarni. Soham, Mimi Chakraborty, Abir Chatterjee da Payel Sarkar suka ja shi. Arijit Singh ɗin nan da kuke sa waƙoƙinsa a sitatus, shi ya rera waƙar taken fim ɗin.

5/ Labarin a kan titi aka gina shi. Motocin bas guda biyu ne suka yi taho-mu-gama a babbar hanya, sai fim ya koma baya yana nuna mana waɗanda ke ciki: masoya biyu a nan, biyu a can, da yadda kowa ya kai ga hawa motar. Asalinsa na Tamil ne, Engaeyum Eppothum na 2011, suka sake shi da yarensu.

6/ Fim ɗin ya samu kasuwa a sinima, abin da ya fi jan hankalina ke nan. Babu gidan sarauta, babu ɗan attajiri mai jirgi. Talakawa ne a kujerar bas, masu neman aiki da masu komawa gida. Mutane suka ga kansu a allo, suka sa hannu a aljihu suka sayi tikiti.

7/ Ga yadda kuɗin tikiti ke tafiya. Ka biya a ƙofa, gwamnati ta cire haraji, mai sinima ya ɗauki kasonsa, mai rarraba fim ya ɗauki nasa, sauran ya isa ga furodusa. Kowane tikiti a rubuce yake. Idan fim ya ci, kowa ya ga lissafi, mai jari ya samu ƙarfin zuciyar zuba kuɗi a na gaba.

8/ Kuma ba a bar su su kaɗai ba. Gwamnatin Bengal ta Yamma ta wajabta wa gidajen sinima su ware wa finafinan Bengali lokacin da jama'a suka fi zuwa kallo. Manyan finafinansu kuma suna jiran bikin Durga Puja su fito, kamar yadda namu ke jiran Sallah.

9/ Yanzu mu dawo gida. Kano ta san sinima tun kafin a haifi iyayenmu. An yi Rex, an yi Palace, Plaza, Orion, El Dorado, Marhaba. A nan kakanninmu suka kalli Mother India har suka haddace. Wato son fim ɗin Indiya gado ne a wurinmu, ba jiya aka fara ba.

10/ Amma Kannywood ba a sinima ta girma ba. Tun daga Turmin Danya a 1990, kaset ne kasuwarta, sannan faifai. Sangaya da Wasila a gidaje aka kalle su. Da waya ta zo da memori, faifai ya mutu, sai kasuwa ta koma hannun masu tura fim a bakin titi.

11/ An gwada komawa sinima. A 2017 Mansoor na Ali Nuhu, da Umar M. Shareef da Maryam Yahaya, ya ja jama'a zuwa Filmhouse da ke Ado Bayero Mall. Abin ya yi kyau. Sai dai wannan birnin Kano ne. Mu da ke Dutse fa?

12/ Tun da na shigo jami'a a nan ban taɓa sayen tikitin fim ba, ko sau ɗaya. Idan ina son kallo a babban allo, sai in shiga mota zuwa Kano, kusan awa biyu, in biya kuɗin zuwa da dawowa, in biya tikiti. Ɗalibin da ke lissafin garin kwaki da kuɗin handawut ba zai yi wannan ba, tun ma kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023.

13/ Ga yadda muke kallo a hostel. Mutum ɗaya ya je a tura masa fassarar Algaita ko sabon fim ɗin Hausa, ya dawo ɗaki, kafin isha'i ya bi wayoyi goma ta Xender. Mu goma mun yi dariya, wasu har da hawaye. Wanda ya ci bashi ya shirya fim ɗin kuwa ko sisi bai gani ba.

14/ Shi ya sa masu shirya fim suka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Izzar So, Labarina, Daɗin Kowa. Yanzu yawan masu kallo shi ne cinikin tikitinmu. Amma YouTube daga talla yake biya, kuma tallar da aka nuna wa mai kallo a Najeriya ba ta kai kuɗin wadda aka nuna a Amurka ko Ingila ba.

15/ To ku sa kanku a matsayin furodusa. Kuɗin kaɗan ne, kuma sai ka fitar da sabon kashi duk mako. Me za ka yi? Ka kama gida ɗaya a Kano, ka ɗauki fitowa ashirin a falo guda. Fim ɗin hanya kuwa yana son motoci, mai, masauki, abincin ma'aikata, ga jiran rana ta yi daidai. Wa zai biya?

16/ Na san wani zai ce ai ba kuɗi ba ne, al'ada ce. Saurayi da budurwa su kama hanya su biyu, hukumar tace finafinai ta Kano ba za ta bari ba, iyaye ma ba za su yarda ba. Gaskiya ne. Amma wa ya ce su biyu ne? Kun taɓa ganin motar haya a ƙasar nan da fasinja biyu?

17/ Motarmu cike take. Ga dattijuwa da kajinta a kwando, ga malami da carbi, ga ɗan kasuwa yana ciniki a waya, ga direba da ɗan kamasho suna musu a kan canji. Ita tana kujerar gaba, shi yana can baya a matse. Ba za su iya cewa komai ba. Ai nan daɗin yake.

18/ Wani abokina haka ya haɗu da wadda yake nema yanzu. Mota ta lalace musu bayan Gaya, aka zauna ƙarƙashin bishiya ana jiran bakanike. Wayarta ta mutu, ya ba ta aron pawa bank. Wata baba da ke gefe ta gama karanta su tun kafin su ankara, ita ce ma ta tambaye shi ɗan wane gida ne. Wannan ba fim ba ne?

19/ Ga kuma wuraren ɗauka, Allah ya ba mu kyauta. Duwatsun Dutse da yamma, itatuwan dabino, hayaniyar kasuwar Shuwarin, hanyar Kiyawa zuwa Jahun idan damina ta zauna, zanen da mutanen da suka yi a jikin duwatsun Birnin Kudu, gadar Wudil. Tun 1991 aka ƙirƙiri Jigawa, sau nawa kuka ga waɗannan a fim?

20/ Masu fim suna da nasu laifin, wani lokaci labarin ma ba ya tafiya. Amma mu ma fa mu ji tsoron Allah. Muna zagin finafinanmu muna yabon na Indiya, alhali ɗan Kolkata da kuɗinsa ya gina nasa. Mai son ɗan tsuntsu shi ke bin sa da jifa.

21/ Abin da za mu iya ba shi da yawa, amma yana da amfani. Ka kalli fim a tashar mai shi, ba ta wanda ya kwafa ba. Ka bar talla ta ɗan tafi. Ƙungiyoyin ɗalibai kuma, maimakon liyafa kullum, me zai hana a nemi izinin furodusa, a kama ɗakin taro, a sa tikiti mai sauƙi, a ba shi kasonsa a rubuce?

22/ Idan aka yi haka a Dutse, aka yi a Hadeja da Gumel da Kazaure, mai jari zai fara ganin akwai kasuwa a wajen Kano. Daga nan ne kyamara za ta fito daga falo.

23/ Ku faɗa min a ƙasa: da za a yi fim ɗin soyayya a motar haya, wace hanya kuke so a bi? Kuma tsakani da Allah, nawa za ku iya biya ku kalla? 'Yan Ringim da Jahun, ina jiran ku.