Kwabban Baba da Sifirin Kuloci

Yau na ɗan ajiye labaran masoya a gefe, domin in ba ku labarin wani ɗan ƙarfe wanda tsawonsa bai fi na babban yatsa da kaɗan ba, amma ya kusa raba mahaifina da motarsa.

Duk wanda ya san layinmu a Ƙofar Kaura ya san farar Fijo 504 mai dogon baya da ke fake ƙarƙashin darbejiya. Baba ya saye ta a 1984, haɗin Kaduna ce, daga masana'antar PAN da ke Kakuri, wadda ta fara haɗa Fijo a 1975. Ita 504 tun 1968 aka fito da ita a Faransa, kuma Turawa sun daɗe da barin ta, amma Kaduna ba ta daina haɗa ta ba sai da aka shiga shekarun 2000. Da wannan mota Baba ya yi haya tsakanin Katsina da Kano, wani lokaci Jibiya har Maraɗi, da ita ya ciyar da mu, ya kuma kai mu makaranta. Ya so ƙwarai in gaje shi, ni kuwa ina gama sakandare na rungumi biro. Bai taɓa yi mani faɗa ba, sai dai tun daga nan ya laƙaba mani suna Malam Marubuci, kuma ban taɓa rabe ko yabo ne ko zolaya ba.

Da yana ta rufe masa ido, tuƙin ya dawo hannuna. Aikin motar ya zama guda ɗaya tak, wato kai shi babban masallaci ranar Juma'a. A 2023, bayan cire tallafin mai, 'yan'uwana suka fara ƙorafin cewa tsohuwa ce mai shan mai, gara a miƙa wa 'yan gwangwan a huta. Muka yi shawara a ɓoye cewa duk ranar da ta sake lalacewa, to shi ke nan.

Ai kuwa wata Juma'a muna dawowa, daidai shataletalen Ƙofar Kaura, na taka kuloci sai na ji ƙas! Fedar ta dawo rabi ta tsaya, sai da na sa yatsan ƙafa na ɗago ta. Gabana ya faɗi, na ce a raina ranar ta zo. Baba da ke gefena ko motsi bai yi ba, ya ce, "Sifirin ne ya karye. Lallaɓa mu isa gida."

A gida ya yi mani bayani. Kulocin 504 da mai yake aiki, irin man birki. Sifirin kuwa shi ke jawo fedar ta koma mazauninta bayan an ɗage ƙafa. Idan ba ta koma duka ba, man ba zai sami hanyar komawa tukunyarsa ba, kuloci ya zauna rabi a take, a hankali farantin ya ƙone. Ya ce, "Ƙaramin abu ne, amma in ka raina shi sai an sauke giya."

Ban gaya wa kowa ba. Washegari na samo sifirin wajen wani dattijo mai sayar da kayan tsofaffin Fijo da aka kwance. Na shimfiɗa buhu, na kwanta rigingine, kaina ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, tocila a baki. Cire tsohon bai ba ni wuya ba, tunda ƙugiyarsa ta sama ce ta tsinke, yana reto ne kawai a jikin fedar. Sa sabon ne aiki. Na maƙala ƙugiya ɗaya a ramin ƙarfen da ke sama, na kama ɗayar da filaya na ja iya ƙarfina, saura ƙiris ta kai ramin fedar sai ta kuɓuce. Sau huɗu ina yi. A na biyar filayar ta zame, hannuna ya daki ƙarfe, jini ya fito, sifirin ya yi tsalle ya wuce ta gefen idona. Na fito ina haki, na ce, "Baba, anya wannan ba gajere ba ne?"

Yana zaune a kan tabarma da carbinsa, ya yi murmushi. "Ba gajere ba ne, Malam Marubuci, kokawa kake yi da shi. Shiga ɗakina, ƙarƙashin gado, ka ɗauko mani gwangwanin madara."

Gwangwanin cike yake da tsofaffin tsaba irin na farkon Naira, wadda aka fara kashewa a 1973: kwabo, sisi da sule. Ya karɓi sifirin, ya lanƙwasa shi da hannu biyu har zobbansa suka buɗe baki, ya ce in cusa sule ɗaya. Ya lanƙwasa ta ɗaya gefen, na cusa wani. Haka muka yi ta yi, dama da hagu domin kada ya karkace, har guda 12. Kowane sule ya ƙara masa ɗan tsawo, ga shi ya miƙe ba tare da kowa ya ja shi ba.

"Shafa giris a ƙugiyoyin. Fara maƙala ta sama, sannan ta feda."

Wallahi da yatsu biyu na sa shi. Ya ce in zauna in taka kuloci a hankali har ƙasa. Ina takawa sifirin ya buɗe, sulallan suka riƙa zubowa a kan ƙarfen ƙasan motar, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Na ɗage ƙafa, feda ta dawo sama cak. Na yi hamdala zan rufe ƙofa, sai ya ce, "Tsaya. Sha ɗaya na ji, saura ɗaya." Na haska tocila, ga shi kuwa maƙale a zoben ƙarshe. Ya ce ko cire lafiyayyen sifirin za a yi, hanyar ke nan: a taka feda, a cusa tsaba, a saki, sai ya yi sako-sako a zare shi. Kuma a ƙirga abin da aka sa, a ƙirga abin da ya fito.

Na tambaye shi inda ya koyi wannan dabara. Nan fa bakinsa ya buɗe, ya ba ni labarin ubangidansa da ya koya masa tuƙi, da daren da suka kwana a daji kusa da Tsanyawa, da yadda aka sha rikicewa a 1972 lokacin da aka koma tuƙi ta hannun dama. Har aka kira la'asar muna nan. Shekara da shekaru ina ƙirƙiro mutane a takarda, ashe ban taɓa zama na tambayi wanda ya haife ni labarinsa ba.

Allah Ya yi wa Baba rasuwa cikin azumin 2024. Da aka zo rabon gado na roƙi a sa mani motar a kasona, 'yan'uwa suka yi mamaki amma suka yarda. Tana nan ƙarƙashin darbejiyar, sulallan nan 12 kuma suna cikin aljihunta ƙulle a leda.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu cika da imani. Wanda nasa ke raye, ya je ya zauna kusa da su yau. Wassalam.