Ranar Da Madubin Motata Ya Ƙi Motsi

Yau wani ɗan abu da ya faru da ni a nan Ikko zan ba ku labari, ko wani zai amfana.

Kwanakin baya na kai 'yar tokumbo ɗina aka sa mini sabuwar rediyo da sifiku a ƙofofi. Kiɗa ya yi daɗi, na biya na tafi. Washegari ƙanena ya ari motar, shi kuwa dogo ne, ya tura madubin gefe da hannu. Da na karɓa na danna makunnin gyara madubi, shiru. Dama shiru, hagu shiru. Na ce ba komai, sai na samu lokaci.

Wannan "sai na samu lokaci" ita ta kusa jawo mini bala'i. A hanyar Agege zuwa Oshodi na zo sauya layi, ban ga wani mai babur ba sam. Da ƙyar ya kauce. Da ya juyo sai na ji ya ce, "Haba Alhaji!" Ɗan uwanmu ne, ya baro gida neman halali kamar ni. Wallahi har na isa gida jikina na rawa.

Da safe na nufi wajen wani dattijo mai gyaran wayoyin mota a unguwarmu. Na ce, "Baba, ina jin madubin ne suka mutu, a sayo sababbi a Ladipo." Ya yi dariya ya ce, "Yaro, madubi biyu ba sa mutuwa rana ɗaya. Nemi abin da suka haɗa."

Ya bayyana mini cewa kowane madubi yana da ƙananan injuna 2 a ciki, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu. Idan gefe ɗaya ne ya tsaya, a duba injinsa ko wayoyin da suka bi ta robar maƙogwaron ƙofa. Idan duka ne, to fis ne, ko makunni, ko wayar da ke kawo masa wuta.

Ya zare fis, ga shi ya ƙone. Ya sa sabo mai lamba 7.5 kamar na da, ina murza makulli ya sake ƙonewa. Yaronsa ya ce a sa mai lamba 20. Baba ya daka masa tsawa: fis mai gadi ne, in ka sa wanda ya fi ƙarfin waya, wayar ce za ta ƙone, wataƙila har da motar.

Sai ya kwance marfin ƙofar direba. Ashe kusar da aka ɗaure sifika da ita ce ta huda wayar makunni, ta haɗa ta da ƙarfen ƙofa. Rediyon kuwa layinta daban aka ja, shi ya sa take ta kiɗa ban gane komai ba. Ya gyara wayar ya naɗe, ya sa fis na uku, madubi ya motsa.

Shawarata, duk wanda aka yi wa aiki a mota, kada ya bar wurin sai ya gwada madubi, gilashi, hon da fitilu a gaban mai aikin. Kuma kada a hau titin Ikko da makahon madubi ko na kwana ɗaya.

Ɗan uwa mai babur, in ka ga wannan, ka yafe mini. Allah Ya tsare mu, Ya mai da mu gida lafiya.