Laima a Ɗakin Direba: Yawo a Titin Koudoukou

A wannan wata ba mu yi nisa ba. Mun taka ne da ƙafa a unguwarmu ta Kilomita Biyar, wadda ta samo sunanta daga nisanta da tsakiyar birnin Bangui. Mun tashi daga bakin babban masallaci, inda Fafaroma Francis ya kawo ziyara ranar 30 ga Nuwamba 2015, muka bi Titin Koudoukou wajen Miskine. Safiyar Agusta ce, an kwana ana ruwa, wanda 'yan'uwanmu masu Sango ke kira ngu-nzapa, wato ruwan Allah.

Abin da ya tsayar da mu shi ne wata babbar mota da ta iso daga Duwala, tana jiran a sauke kaya. Ƙofofinta a buɗe, an shanya katifa a kan tamfol, karen mota yana goge gilashi ta ciki da tsumma. Direban dattijo ne, ya girme mu. Muka gaisa, muka ce, "Baba, ruwa ya shiga ne?" Ya ce, "Malam, ko ɗigo bai shiga ba. Amma leƙa ka gani." Muka leƙa. Rufin ciki ya yi raɓa, bayan kujera fumfuna ta yi baƙi, ga wani gafi da ya cika wurin. A cikin wannan ɗan ɗaki bawan Allah yake kwana fiye da yadda yake kwana a gidansa.

A Faransa da Amurka akwai mota mai gado da murhu da banɗaki, masu hali suna sayenta don yawon hutu, kuma babban abin da ke damunsu da ita shi ne laima. Mu a nan ba mu da motar hutu, amma muna da ɗakin direba. Daga Duwala zuwa Bangui tafiya ce ta sama da kilomita 1,400: Yawunde, Bertoua, iyaka a Garoua-Boulaï, sai Bouar, Yaloké, Bossembélé, Boali, sannan shingen PK12. Ta wannan hanya mafi yawan kayan kasuwarmu suke zuwa. Da 'yan tawaye suka tare ta daga Disamban 2020 zuwa Fabrairun 2021, motoci fiye da dubu suka yi cirko-cirko a iyaka, direbobi suka shafe makonni suna kwana a ciki. Sun yi sa'a rani ne. Da damina ce, da asarar ta fi haka.

To, ruwan da bai shiga ba, daga ina ya fito? Abin da muke koya wa yara a aji ke nan. Iska tana ɗauke da ruwa ko da ido bai gani ba, kuma mai zafi ta fi mai sanyi ɗauka. A ma'aunin zafi 30, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe tana iya riƙe ruwa giram 30. In zafin ya sauka zuwa 20, giram 17 kawai za ta riƙe. Da asuba ƙarfe da gilashi suna hucewa, iskar da ta taɓa su sai ta sauke rarar a kansu, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi take gumi. Bangui kuwa tana bakin kogin Ubangi, tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,500 a shekara, kusan ninki uku na Maraɗi. Dabarar kakanninmu ta a shanya kaya rana ta ƙarasa aiki, a nan ba kullum take ci ba.

Sauran ruwan kuma mu ne muke kawo shi. Mutum ɗaya mai barci yana fitar da kusan sulusin lita a dare ta numfashi da zufa. Direba da yaransa biyu, lita guda ke nan. Kilo ɗaya na gas in ya ƙone yana barin tururin ruwa wajen kilo ɗaya da rabi. Sai a haɗa da tukunyar shayi, da jiƙaƙƙen takalmi, da rigar da aka rataya a ciki, a kuma rufe gilashi ruf don tsoron sauro da ɓarayi. Ɓarawon na cikin gida ne.

Muka ci gaba, muka shiga kasuwa don mu ga yadda masu shago suke yi, domin ciwonsu ɗaya da na direba. Mai atamfa ya ɗora dilolinsa a kan katako, ya bar tazara tsakaninsu da bango. Mai takalma yana tara 'yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi kamar gero da ake samu a cikin kwali. Sunansu silika. Suna shan ruwa har kusan sulusin nauyinsu, in sun ƙoshi a gasa su a hankali a busasshen kasko, su koma aiki. Amma nasu na rufaffen wuri ne: akwatin takardun mota, jakar waya, kwabar tufafi. Ɗaki guda ya fi ƙarfinsu.

Wanda ya fi su ƙarfi shi ne farin garin da ake ratayawa cikin dogayen jakunkuna a kwantenonin da ke zuwa ta teku, wato kalshiyam kulorayid. Yana shan ruwa fiye da nauyinsa har ya narke. Ruwan da ya tara yana sa ƙarfe tsatsa, yana cin fata, don haka a sa shi inda ba zai kife ba in mota ta faɗa rami, a kuma nisanta shi da yara. Gishirin miya da wasu suke zubawa a kwano ba ya fara sha sai laimar iska ta haura kashi 75 cikin 100, alhali fumfuna tana iya kamawa kafin nan. Ɗanyen gawayi, wanda ba a kunna ba, yana rage gafi, amma ruwan da yake sha kaɗan ne. Mai goro kaɗai ya yi mana dariya. Shi laima abokiyarsa ce, da ganye yake naɗe goronsa kada ya bushe, kuma ya gargaɗe mu kada a kusanto masa da waɗannan magunguna.

Akwai kuma na'urar tsotse laima. Aikinta irin na firji ne: tana jan iska ta bi da ita kan bututu mai sanyi, ruwan ya ɗiga cikin bokiti, busasshiyar iska ta fito. A rufaffen shago tana da amfani ƙwarai. Sai dai tana son wuta, wutar da ke zuwa mana daga Boali kuwa kowa ya san tana zuwa tana tafiya. A mota, babbar irinta tana kashe batir, ƙaramar da ake sokawa a wurin kunna sigari kuma da kyar take tara kofi guda a wuni. Mai na'urar sanyaya mota ya riga ya mallaki irinta, domin ruwan da ke ɗiga a ƙarƙashin mota laimar ciki ce.

Muka koma wurin dattijon. Shawararmu gare shi ba ta kuɗi ba ce. A sassauta gilashi ta gefe biyu kamar faɗin yatsa biyu, a ɗaura yankin gidan sauro a kai. A yi girki a waje. A ɗaga katifa kowace safiya, a goge raɓa, a matse tsumman a waje. Da rana ta fito a buɗe ƙofofi. Bayan haka ne garin nan da silika za su yi tasiri.

Sai ya ce wasu abokan aikinsa suna shigar da kaskon garwashi cikin mota da dare don wurin ya bushe. Wannan shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Garwashi a rufaffen wuri yana fitar da iskar guba marar launi, marar wari. Mai barci ba ya jin shigarta, sau da yawa kuma ba ya farkawa. Katifar da ta yi fumfuna ana sake saye. Duk mai ɗa, ko miji, ko ƙane a kan hanyar Duwala, muna roƙonsa ya karanta masa wannan shafi kafin ya tashi.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai wata mai zuwa.