Layin da Ke Tona Asirin Kwamfuta

Wata ɗaliba mai karatun injiniyanci ta kwana uku tana gina bututu a cikin kwamfuta. Faɗinsa santimita 2, ruwa yana shiga da gudun santimita 5 a daƙiƙa. Da manhajar OpenFOAM ta gama lissafi, sai hoto ya fito gwanin ban sha'awa: ja a tsakiya, shuɗi a gefe. Ta kai wa malamin da ke duba aikinta tana murna. Ya dubi hoton na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Launi ya yi kyau. Ina layin?"

"Wane layi, Malam?"

Abin da yake nufi shi ne zanen gudun ruwa daga wannan bango na bututu zuwa wancan. A manhajar ParaView, wadda ake duba sakamako da ita, mutum yana ja layi ya ratsa bututun, manhajar ta karanta gudun ruwa a kowane wuri a kan layin, ta fitar da shi a jadawali. Aikin minti biyu ne, amma da shi ake gane ko lissafin ya tsaya da ƙafafunsa.

Dalili kuwa shi ne ruwa ba ya tafiya da gudu ɗaya a cikin bututu. Wanda ya taɓa tsallaka rafi da ƙafa ya san ƙarfin ruwa yana tsakiya, bakin gaɓa kuwa a sanyaye yake. A bututu, ruwan da ke manne da bango tsaye yake cik. Wannan ne ma ya sa ƙurar hunturu ke zama daram a fikafikan fanka, komai gudunta. Daga bango zuwa ciki gudu yana ƙaruwa, har ya kai ƙololuwa a tsakiya.

Gotthilf Hagen, injiniya Bajamushe, ya auna wannan tafiya a 1839. Jean Poiseuille, likita Bafaranshe mai binciken gudun jini, ya yi nasa awon a daidai wannan zamani. Daga aikinsu aka san cewa idan ruwa yana tafiya a natse, zanen gudunsa yakan fito kamar kan ƙwai mai tsini, kuma gudun tsakiya ninki biyu ne na matsakaicin gudu, babu ragi babu ƙari. A 1883 Osborne Reynolds ya zuba rini a bututun gilashi a Mancesta, ya nuna inda natsuwar ke ƙarewa, hargitsi ya fara. Lambar da ke ɗauke da sunansa, idan tana ƙasa da kusan 2,300, ruwa a natse yake. Idan ta yi nisa sama da haka, zanen yakan baje a tsakiya, ya faɗi da sauri daf da bango.

Lambar bututun ɗalibar 1,000 ce. Ke nan tsakiya ya kamata ya nuna santimita 10 a daƙiƙa. Da ta ja layin, sai ta ga wajen 8, kan zanen kuma a baje. Gabanta ya faɗi, domin a kan wannan lissafi ta yi niyyar ɗora sauran babin binciken nata, ga ranar miƙa aiki ta matso.

Ta fara zargin ragar da ta yanka bututun da ita, wato ƙananan ɗakunan da kwamfuta ke lissafi a cikinsu. Zargi ne mai tushe, don idan ɗakunan sun yi girma kusa da bango, inda gudu ke sauyawa da sauri, sakamako yakan kauce. Ta ƙanƙanta su, lambar ba ta motsa sosai ba.

Ashe matsalar wurin da ta ja layin ne: santimita 20 kacal daga bakin shiga. Ruwa yana shiga da gudu bai ɗaya, kuma yana bukatar tafiya kafin tasirin bango ya kai tsakiya. Ƙa'idar da injiniyoyi ke amfani da ita ita ce a ninka 0.05 da lambar Reynolds da faɗin bututu. A nata lissafin, mita 1 ke nan. Ta tsawaita bututun, ta ja layin bayan mita ɗaya da rabi, sai ga lamba ta matso daf da 10. Ta ɗora zanen Hagen da Poiseuille a kan nata, suka hau juna.

Wannan darasi bai tsaya a aji ba. Saboda shi ne masu ƙera mitar ruwa ke sharɗanta a bar miƙaƙƙen bututu kafin a dasa ta, nesa da kwana ko famfon rufewa. Mitar da ke auna ruwan da bai daidaita ba tana iya ba da adadin ƙarya, wani kuma ya biya kuɗinsa.

Da ta koma wurin malamin, takarda ɗaya ta miƙa masa, zane biyu a haɗe, babu launi. Ya gyara tabarau ya duba, ya ce, "To, yanzu sai ki kawo mai kwana."