Fentin da ba ya cikin kwali

Ku matso kusa, kafin shayi na biyu ya nuna in faɗa muku abin da ke hana ni zuwa fada da la'asar kwanan nan. Amma maganar ta tsaya nan tukuna, sai aikin ya kammala.

Jirgin sama nake haɗawa. Ƙanena ne ya zo mini da shi a kwali, na kamfanin Heller na Faransa, ɓangare-ɓangare na roba, sai ka yanko, ka goge, ka manna da gam. Sunansa Noratlas, jirgin dakon sojoji mai jela biyu, injin biyu, da ƙofar baya da ke buɗewa gida biyu don a shigar da kaya. Ma'auninsa 1/72, wato kowane santimita ɗaya a hannuna santimita 72 ne a jikin na gaske. Faɗin fikafikan na gaske mita 32 da rabi, nawa kuwa kimanin santimita 45 ne.

Haɗawar ba ita ce maganar ba. Tamburan da ke cikin kwalin duk na sojojin Turai ne, ni kuwa na rantse ba zan liƙa ko ɗaya ba. Yaya, kai da ka girme mu, ka san wannan jirgi ya taɓa zama namu. Da aka kafa rundunar samanmu ta Nijar a 1961, Faransa ta ba mu Dakota da ƙananan Broussard. Wajen 1970 kuma Jamus ta Yamma ta miƙo Noratlas da sojojinta suka gama aiki da su. Jirgi ƙirar Faransa, ya yi aiki a hannun Jamusawa, ya ƙare da ruwan lemo da fari da tsanwa a jikinsa, da haruffan 5U na ƙasarmu. Su suka yi ta dako kafin Hercules su iso a 1979. Masu wannan sha'awa a duniya suna ta haɗa na Faransa da na Jamus. Namu fa, wa zai haɗa in ba mu ba?

To a nan aikin yake. Zoben tambarin bai kai faɗin dala ba, ga launi uku, kowanne sai ya bushe kafin na gaba. Salatif nake shimfiɗawa a kan gilashi, in zana da kamfas irin na ƴan lakwal, in yanke da sabuwar reza, in ɗauke da tsinke. Ruwan lemon ma sai da wani mai fentin mota ya haɗa mini, yana ɗiga ja cikin rawaya, muna gwadawa kusa da tuta har ido ya yarda. Sai ƙura. Kun san hazon Maradi ba ya sallama. Ƙwaya ɗaya ta sauka kan ɗanyen fenti, a wannan ma'auni ta zama dutse. Shi ya sa bayan asuba nake shafawa, in yayyafa ruwa a ɗaki, in kife babbar roba a kai.

Af, kada wani cikinku ya ce zai taimake ni ya je filin jirgi ɗaukar hoto. Don Allah a'a. Lokacin nan ba na wasa da harkar soja ba ne. Tsofaffin hotuna na intanet sun ishe ni.

In Allah ya kai mu, na gaba MiG-17 ne, amma da kore-fari-kore na Najeriya. A 1967, farkon yaƙin Biyafara, Tarayyar Sobiyet ta sauke su a Kano, matuƙa daga Masar suka riƙa tuƙa su. Kusa da shi zan ajiye ɗan ƙaramin MFI-9 na Suwidin, jirgin koyon tuƙi da Carl Gustaf von Rosen ya ɗaura wa rokoki a Gabon, ya kai hari Fatakwal da shi a watan Mayun 1969. Ba don yaƙi ya burge ni ba, wallahi. Yunwar da ta kashe yara a wancan yaƙi ba abin ado ba ce. Ina so ne yaro in ya gan su ya tambaya, a samu bakin gaya masa ƙasashe nawa suka sa hannu a faɗan ƴan'uwa.

Su yaran ne ma suka fi tsaya mini a rai. Ɗan yayata na Tibiri ya ga nawa sau ɗaya, ya koma ya fere totuwar kara, ya soke da sille, sai ga jela biyu daidai wa daida. Ba kwali, ba takarda. Abin da ya rasa fenti kawai, da wanda zai gaya masa cewa jirgin ya taɓa tashi da tutarsu.

Saboda haka, Malam, tunda gobe za ka Jiratawa, ka taho mana da damin kara mai kauri, wanda ya bushe sosai. Reza da fenti suna wuyana. Ranar Asabar a tara yaran layin nan a zauren Yaya, kowa ya zo da murfin kwalba na zuba launi.