Garin Da Ake Saƙa Gashin Akuya

 Yau labarin tafiya na kawo muku, daga wani ɗan gari na ƙasar Sikotilan, can arewa da Ingila. A rubuce sunansa Hawick, amma mutanen wurin Hoyik suke cewa. Abin da ya kai ni kuwa shi ne wata rigar sanyi da na gani a kanti a birnin Edinbara, kuɗinta ya haura fam 300. Na shafa ta, na ji taushi kamar cikin ɗan tsako. Da na tambaya, aka ce gashin akuya ne, sunansa kashmir. Na ce lalle sai na ga inda ake wannan aiki, gani ya kori ji.

Daga Edinbara zuwa Hoyik tafiyar wajen mil 50 ce. Jirgin ƙasa ya daina zuwa garin tun 1969, saboda haka na sauka a Galashiels na shiga bas. Ko'ina ka duba tuddai ne kore shar, ga tumaki birjik, ga yayyafi ba ya ɗaukewa. Garin yana cikin kwari, gidajensa na dutse ne, kogin Teviot ya ratsa ta cikinsa. Saƙa ta daɗe a nan. A 1771 wani mai suna John Hardie ya kawo injunan saƙa safa, daga safa aka koma 'yan ciki, daga nan sai rigunan sanyi.

Abin mamaki, na zaga garin ban ga akuyar kashmir ko ɗaya ba. Ashe sunan ma daga ƙasar Kashmir aka samo shi, inda aka shahara da saƙa mayafai tun zamanin da. Yanzu yawancin gashin daga Sin da Mongoliya yake fitowa. Can sanyin hunturu yakan kai digiri 30 ko 40 ƙarƙashin sifiri, sai akuya ta tsiro da wani lallausan gashi a ƙarƙashin na waje mai kaushi. In sanyi ya wuce ta fara zubar da shi, makiyaya su sa mataji su taje. Bayan an gyara, abin da akan samu jikin akuya guda a shekara bai fi giram 150 zuwa 200 ba. Watau riga ɗaya sai ta ci gashin awaki wajen huɗu. Kun fara jin inda tsadar ta fito.

Kafin gashin nan ya zama zare, aikinsa ya yi kama da namu na auduga. Da fari akan ware fari daban, toka-toka daban, ƙasa-ƙasa daban. A wanke maiƙo da ƙura. Sa'an nan inji ya fid da gashin nan mai kaushi, kamar yadda muke gurza mu fid da angurya. Silin da ya rage siriri ne ƙwarai, gashin kan mutum ya yi biyar ɗinsa a kauri. Daga nan sai rini, sai shiɓa, sai kaɗi. Abin da kakanninmu ke yi da mazari, shi inji ke yi da ɗaruruwan mazarai a lokaci guda. Akwai masu kaɗin irin wannan zare a garin Kinross, da kuma garin Elgin, inda ma'aikatar Johnstons take tun 1797.

A masaƙar da na shiga a Hoyik, zaren yana zuwa a naɗe. Inji ba ya saƙa yadi a yanka da almakashi yadda tela ke yi. Gaba daban yake saƙawa, baya daban, hannuwa daban, yana ƙara ido yana ragewa, har kowane ya fito da siffarsa. Ba a yanka, balle a yi asarar ƙyalle.

Ɗakin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na masu haɗi, yawancinsu mata. Kowace tana zaune gaban wani keke mai da'ira, kewaye da 'yan ƙusoshi sirara. Sai ta ɗauki wuyan riga ta riƙa sa idon saƙa ɗaya a kan ƙusa ɗaya, ta kawo jikin rigar ta jera nasa a kai, kana keken ya haɗe su. In ta tsallake ido guda, wata rana nan rigar za ta warware. Wata dattijuwa ta ba ni in gwada. Na ƙura ido har hawaye, ban jera goma daidai ba. Ta yi dariya, ta gaya mini mai koyo takan yi fiye da shekara kafin hannunta ya faɗa.

Har wa yau rigar ba ta yi taushi ba, sai an wanke ta. Ruwan wannan ƙasa ba shi da zartsi, sabulu yana kumfa da shi nan da nan, shi ke tayar da laushin gashin. In wankin ya gaza, riga ta yi kaushi. In ya zarce, ta cure ta lalace. Bayan ta bushe a yi mata gugar tururi, a duba ta gaban fitila ido-ido, a gyara da allura, kana a liƙa suna.

Amma fa ba daɗi kaɗai na gani ba. Na wuce manyan gine-gine a rufe. Kamfanin Pringle, wanda aka kafa a garin a 1815, ya daina saƙa a nan a 2008, domin kayan araha na waɗansu ƙasashe sun cika kasuwa. Masaƙar Barrie kuwa, kamfanin Chanel na Faransa ne ya saye ta a 2012, ta tsira. Can Mongoliya ma son arahar nan ya jawo wahala. Awakin ƙasar wajen miliyan 5 ne a 1990, amma a 2019 sun haura miliyan 27. Kun dai san halin akuya da kiwo. Makiyaya ta ƙwaƙule, ƙasa ta fara zama fako. Araha ba ta ado, kuma wani ne ke biyan cikon kuɗin.

To, in kin dace da irin rigar nan, ko a gwanjo ne, ki riƙe ta da kyau. Ki wanke da hannu cikin ruwa mai ɗan sanyi, da sabulu marar ƙarfi. Kada ki murɗe, kada ki rataya a igiya, sai ta miƙe. Ki shimfiɗa ta a kan tawul cikin inuwa. In hunturu ya wuce, ki wanke ta kafin ki adana, gama asu ya fi son mai dauɗa.

Ku kuma 'yan makaranta, na dawo ina tunanin dattijuwar nan. Ta ce ba rufe masaƙa ne babban tsoronta ba, a rasa yarinyar da za ta zauna ta karɓi aikin daga hannunta. In akwai tsohuwa a gidanku mai kaɗi ko saƙa, ku matsa kusa da ita tun tana gani. Sai mako mai zuwa.